Kullin Ƙafa

A tsohon siton auduga,
bayan tashar jirgin ƙasa ta Wad Madani,
Inna Tumadir ta rataye jan ƙyalle a ƙarfen rufi,
kamu ashirin, an raba shi biyu,
yana reto kamar harshen da bai gama magana ba.

Ita ba ta hawa.
Kafaɗarta ta dama ta yi mata yaji tun ban san kaina ba.
Kan buhu take zama, butar gahawa a gefe,
karan dawa a hannu, da shi take nuni.

"Zagayo daga waje zuwa ciki.
Ba haka ba, Suwaiba.
Ƙafa ke zuwa biko, ƙyalle ba ya zuwa.
Sassauta. Ɗauko rarar,
haye da ita bisa yatsu,
mayar ƙarƙashin diddige.
To, taka."

Na taka, ya cije ni.
Abin da ke da laushi a kumatu
ashe yana da haƙora a tafin ƙafa.
Na koma gida da shaidarsa a bayan gwiwa,
uwata ta ce wa ya dake ki,
na ce zane ne.
Ta yi dariya har kisirarta ta ƙone a kan tanda:
"Shekara biyu ina ɗaure ki da majanyi,
ba ki taɓa faɗowa ba,
kuma ban biya kowa kuɗin koyo ba."

Wata guda cur ban wuce tsayin mutum ba.
Ɗaura, kwance. Ɗaura, kwance.
Na ce Inna, yaushe zan hau?
Ta hura gahawarta.
"Ko akuya ta iya sarƙe kanta a turke.
Ki nuna mini akuyar da ta iya warwarewa."

Daren da na kai ƙarfen rufi,
na ga tsatsarsa, na ji warin kashin tattabaru,
ta ramin kwano na hango fitilun gadar Hantub.
Na naɗa a cinya, na naɗa a ƙugu,
na saki hannuwana biyu,
sai aka ɗauke wuta.

Babu sama, babu ƙasa.
Numfashina kawai, da kukan ƙarfe.
Na jira ta yi salati, ba ta yi ba.
Na ji ta ajiye finjali a kan siminti, a hankali.

"Nawa kika naɗa?"
Uku a cinya, ɗaya a ƙugu.
"Wane ne auta?"
Na ƙugu.
"To, auta ke fara fita. Kama sama tukuna."

Na kama. Na zare.
Ɗaya.
Gwiwata ta san hanyar da idona bai gani ba,
hanyar wata gudan nan da na raina.
Biyu.
Zufa ta shiga tsakanina da ƙyalle, na ƙara damƙa.
Uku.
Tafin ƙafata ya taɓa sanyin ƙasa,
sai a lokacin na ji karan dawa
yana kaɗawa a hannunta kamar an sa shi cikin ruwa.
Ba mu taɓa yin zancen ba.

Bana an kawo mini Ihlas,
'yar mai gyaran kekuna, shekara tara, haƙori biyu babu.
Na ce daga waje zuwa ciki,
ta ɗaga ƙafar hagu.
Bahaguwa ce.
Duk abin da na sani ya juya mini baya.
Na tsaya gaban ƙyalle kamar baƙuwa,
ina neman kulli da ƙafar da ban taɓa tambaya ba,
na sarƙe, na faɗi zaune.

Daga kan buhu aka ce, "Mee."

Ihlas ta ce, Anti, yaushe zan hau?
Na duba gefena.
Ba ni da gahawar da zan hura.